Babi na Biyar: Ya Ci Jarrabawa, To Ya Gane?

"Yaron nan ya ci 70 a kimiyya, me ya sa idan na yi masa tambayar da ba ta taka kara ta karya ba sai ya tsaya yana kallona?" Iyaye na yin wannan tambaya a ƙarshen kowane zangon karatu, daga Kafanchan zuwa Zonkwa, daga Kwoi zuwa Kachia. Uba ya karɓi takardar sakamako, ya ga maki mai kyau, ransa ya yi fari. Da dare an ɗauke wuta, tocila ta ƙi kamawa, ya miƙa wa ɗansa da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ya duba. Yaro ya juya ta, ya sake juyawa, ya rasa ta inda zai fara. Alhali a wannan zangon aka yi musu darasin lantarki, kuma ya ci.

Malaman babbar sakandare ma suna wannan kukan. Ana kawo musu yara da sakamako mai kyau, amma da an fara fiziks da kemistiri sai a ga kamar ba su taɓa jin labarin zafi ko motsi ba.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce yaran yanzu ba sa karatu, ko kuma satar amsa ta yi yawa. Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun. Sai dai yaro yana iya duƙufa ga littafinsa, ya ci makinsa da guminsa, kuma duk da haka bai gane ba. Idan haka ta faru, wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne irin tambayar da muka yi masa.

Abin da maki yake aunawa

Tun da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, ɗan ƙaramar sakandare yana koyon kimiyya ne a dunƙule, ba a raba masa fiziks daban, kemistiri daban ba. Da farko sunan darasin Integrated Science. Bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, hukumar tsara manhaja ta NERDC ta mai da shi Basic Science, daga baya kuma, a manhajar da ta fara aiki a 2014, aka haɗe shi da fasaha da kwamfuta da motsa jiki a ƙarƙashin inuwa ɗaya. A ƙarshen aji uku akwai jarrabawar BECE, wadda hukumar NECO ke shiryawa, jihohi ma suna shirya tasu. Ban da ita akwai gwaje-gwajen cikin zango, waɗanda tun a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ba su muhimmanci, don kada makomar yaro ta rataya ga rana ɗaya.

Niyyar tana da kyau. Amma ɗauki takardar gwajin cikin zango ta makaranta mafi kusa da kai ka karanta. Mafi yawan tambayoyin iri ɗaya ne: faɗi ma'anar kaza, lissafa hanyoyi uku da zafi ke bi ya yaɗu, kawo misali biyu na kaza. Duk amsoshin suna cikin abin da malam ya rubuta a allo, yara suka kwafe. Wanda ya haddace ya ci.

Ban ga laifin malami a nan ba. Mutumin da ke da azuzuwa huɗu ko biyar, kowanne cike maƙil, dole ya nemi tambayar da za ta yi saurin makawa. Hadda ma ba abar rainawa ba ce. Babu mai yin kimiyya ba tare da ya riƙe sunaye da ƙa'idoji a ka ba. Abin lura kawai shi ne irin wannan tambaya tana auna abin da yaro ya riƙe, ba ta taɓa abin da ya yarda da shi a zuciyarsa. Mai sayen busasshiyar citta a kasuwar Kachia ba ya tsayawa ga abin da sikeli ya nuna. Yakan zari ɗaya daga tsakiyar buhu ya karya, ya ga ko cikinta ya bushe. Mu kuwa mun daɗe muna ɗora buhun a sikeli, mu rubuta nauyi, mu wuce.

Yaro ba ya shigowa aji da kai fanko

Kafin ɗan shekara 12 ya taka ƙofar ajin kimiyya, ya riga ya yi shekaru yana kallon duniya yana yanke hukunci. Ya tura baro, ya ga da ya daina turawa ta tsaya, sai ya yanke cewa babu motsi sai da turi. Ya taɓa ƙofar ƙarfe da sanyin safiyar hunturu, ya taɓa bencin katako, ya yanke cewa ƙarfe ya fi katako sanyi. Ya lulluɓa da bargo ya ji ɗumi, ya yanke cewa bargo ne ke kawo zafi. Babu wauta ko ɗaya a cikin waɗannan. Tunani ne na mai hankali da ya yi aiki da abin da idonsa da fatarsa suka gaya masa. Saboda haka ne ma suke da wuyar tumɓukewa.

A shekarun 1980, Rosalind Driver da abokan aikinta a jami'ar Leeds ta Ingila sun yi ta zama da yara suna sauraron yadda suke bayyana irin waɗannan abubuwa. Abin da su da sauran masu bincike a ƙasashe daban-daban suka tarar shi ne yara suna faɗawa kusan ramuka iri ɗaya, kuma darasi yakan wuce ta saman tsohon tunanin ba tare da ya girgiza shi ba. Yaro sai ya ajiye amsa biyu, ɗaya ta malam wadda yake fitarwa ranar jarrabawa, ɗaya tasa wadda yake rayuwa da ita.

Kada wani ya ɗauka ciwon makarantun da ba su da kayan aiki ne. A wani fim na ilimi da aka fitar a Amurka a 1987, an tare mutum 23 a ranar bikin yaye ɗalibai na jami'ar Harvard, aka tambaye su abin da ke kawo sauyin lokacin zafi da na sanyi. Mutum 21 ba su ba da amsa daidai ba, da yawa sun ce duniya ce ke matsawa kusa da rana. A farkon shekarun 1990, wani malamin fiziks na wannan jami'ar, Eric Mazur, ya gwada ɗalibansa da tambayoyin da David Hestenes da abokansa suka tsara a Arizona, tambayoyi masu sauƙi a kan ƙarfi da motsi, babu lissafi a ciki. Ɗaliban da ke warware lissafi mai sarƙaƙiya suka yi ta tuntuɓe. Daga nan ya sauya yadda yake koyarwa gaba ɗaya.

Tambayar da ke tono tunani

To yaya ake tsara tambayar da za ta kai ga wancan tunani na ɓoye? Sirrin yana cikin amsoshin da ba daidai ba. A tambayoyin zaɓi da aka saba, waɗanda yara ke kira canki-canka, malam yakan rubuta amsa ta gaskiya ya cike sauran gurabe da duk abin da ya zo masa. Yaro mai wayo yana ganewa ko bai san darasin ba. Tambaya mai tono kuwa, kowace amsar kuskure a cikinta an ɗauko ta ne daga bakin yara.

Ga misali. An fito da gorar zoɓo mai sanyi daga firij an ajiye a kan tebur. Bayan ɗan lokaci ruwa ya tsattsafo a jikinta ta waje. Daga ina ruwan ya fito? Na ɗaya, daga cikin gorar ya yoyo ta ƙananan ƙofofi. Na biyu, sanyi ne ya rikiɗe ya zama ruwa. Na uku, daga iskar da ke kewaye da gorar. Na huɗu, gorar ce ta yi gumi.

Amsa ta uku ce daidai: akwai tururin ruwa a cikin iska wanda ido ba ya gani, da ya taɓa jikin gora mai sanyi sai ya koma ruwa. Amma dubi abin da sauran ke gaya wa malami. Wanda ya zaɓi ta ɗaya yana da tunani mai tsari, ya san ruwa ba ya fitowa daga babu, abin da ya rage masa shi ne ya yarda akwai ruwa a cikin iska. Wannan yaro maganinsa na kusa: a goge jikin gorar da farin ƙyalle, a nuna masa ruwan fari ne, zoɓo kuwa ja. Wanda ya zaɓi ta biyu yana ɗaukar sanyi a matsayin wani abu mai jiki, aikinsa ya fi nisa. Duka biyun sifili za su samu a takarda, amma ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Kuma yaron da ya gane da gaske zai iya faɗa maka dalilin da ya sa gorar ta fi jiƙewa a watan Agusta, lokacin da damina ta zauna a kan duwatsun Kagoro, fiye da watan Janairu da iska ta bushe.

Ƙasarmu cike take da irin waɗannan tambayoyi, ba sai an aro daga littafin wata ƙasa ba. Mai sayar da ƙanƙara a tasha yana rufe ta da buhu da dusar katako. Idan bargo ne ke kawo zafi, me ya sa ƙanƙarar da aka lulluɓe ta fi daɗewa? Yaron da ya tsaya ya yi tunani a kan wannan ya kama hanyar gane cewa bargo hana zafi wucewa yake yi, ko daga jiki zuwa waje, ko daga waje zuwa ƙanƙara. Manomin citta a Jaba ya tsaga ɗanyar citta ya shanya, ta dawo ba ta kai rabin nauyinta na farko ba. Ina sauran nauyin ya tafi? "Rana ta shanye" amsa ce da za ka ji da yawa, kuma sai an bi ta a hankali kafin a san ko yaro yana nufin ruwan ya shiga iska ne, ko yana nufin ya ɓace daga duniya.

Kafanchan garin layin dogo ne. Tun a shekarun 1920 ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da na Kaduna da na Jos. Duk yaron da ya taɓa tsallaka tsohon layin ya ga ɗan gibin da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Kusan kowane ɗan aji uku zai ce maka don ƙarfe yana ƙara tsawo in ya ɗau zafi, kuma ya yi daidai: ƙarfe mai mita 12 yakan ƙaru da kimanin milimita 4 idan zafinsa ya hau da digiri 30. Amma ka matsa gaba ka ce, me ke faruwa a cikin ƙarfen? Nan za ka ji da yawa sun ce ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙarfen ne ke kumbura. Ƙwayoyin ba sa kumbura. Karkarwarsu ce ke ƙaruwa, tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe. Tambaya ta farko ta ba yaro maki, ta biyu ce ta nuna inda darasi ya tsaya.

Hawa na biyu: don me?

Wannan matsawa gaba tana da tsari. David Treagust na Ostireliya ya fito da shi fili a 1988: kowace tambaya a yi mata hawa biyu, na farko yaro ya zaɓi amsa, na biyu ya zaɓi dalili. Ba a ba da maki sai duka biyun sun yi daidai.

Lissafin kansa ya isa hujja. Idan zaɓi huɗu ne, wanda ya rufe ido ya canka yana da damar dacewa sau 1 cikin 4, wato a tambaya 40 zai iya tashi da 10 bai san komai ba. Da an ƙara hawa na biyu mai zaɓi huɗu, damar ta koma 1 cikin 16.

A ce an saki babban dutse da ƙarami tare daga saman Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30. Wanne zai riga taɓa ƙasa? Yaron da ya taɓa jin labarin Galileo zai ce tare za su sauka, cikin kusan sakan biyu da rabi, kuma haka ne. A hawa na biyu sai ka same shi ya zaɓi cewa ƙasa tana jan su da ƙarfi ɗaya. A nan ya kauce. Ƙasa ta fi jan babban dutsen, sai dai shi ma ya fi wuyar motsawa daidai gwargwado, shi ya sa suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ba don hawa na biyu ba, da malam ya wuce yana murna.

A sa hannu

Akwai abin da takarda ba za ta taɓa nunawa ba. Ba yaro batir ɗaya, ƙwan tocila ɗaya, da guntun waya ɗaya tak, ka ce ya kunna ƙwan. Yara da yawa da suka zana da'irar lantarki daidai a littafi za su jona wayar daga kan batir zuwa gindin ƙwan su tsaya suna jira, domin a ransu wuta fita take yi daga batir ta shiga ƙwai ta ƙare a can. Ba su yarda sai ta sami hanyar komawa ba. Minti biyar na wannan gwaji ya fi shafi biyu na rubutu faɗa wa malami gaskiya.

Hanya mafi amfani ita ce a raba aikin uku. Kafin a taɓa komai, kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru da dalilinsa. Sannan a yi a gani. Sannan kowa ya bayyana abin da ya sa zatonsa ya dace ko ya saɓa. Ɗora kofin ruwa da cokalin sukari a kan sikeli, a rubuta nauyi. A zuba sukarin a juya har ya narke. Nauyin zai ragu, zai ƙaru, ko yana nan? Mataki na farko shi ne wanda ba a so a tsallake, domin yaron da bai ɗaure kansa da zato ba, da ya ga sakamako zai ce dama ya sani.

Da wane harshe?

A aji ɗaya a Kafanchan za ka tarar da mai jin Fantswam a gida, da mai Jju, da mai Tyap, da mai Hyam, da Bafulatani, da ɗan Ibo ko Bayarabe da aka haifa a garin. Hausa ce ke haɗa su a filin wasa, Turanci kuma shi ne na jarrabawa. Idan yarinya ta bar gurbi babu amsa, ta yaya za mu san ko kimiyyar ce ta gagare ta, ko Turancin tambayar?

Hanyar sani ita ce a sake mata tambayar da baki, a bar ta ta amsa da harshen da bakinta ya fi sakewa, ko ta zana. Aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarbanci, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su. BECE da Turanci za a rubuta ta, dole a shirya yara don haka. Amma a ranar da malami ke neman sanin abin da ke cikin kan yaro, bai kamata harshe ya tare ƙofa ba. Wannan ya fi zama dole ga yaran da hare-hare suka raba da ƙauyukansu, suka shigo aji a tsakiyar shekara bayan sun rasa watanni na karatu. Takardar sakamakon da suka zo da ita, in ma sun zo da ita, ba za ta nuna inda gibin yake ba.

Aji ya cika, lokaci ya ƙure

Malami zai ce, duk na ji, amma ina lokacin? Ba a buƙatar ƙarin takardun makawa. A yanka tsohon kwali, kowane yaro ya sami kati huɗu, A, B, C, D. Malam ya rubuta tambaya ɗaya a allo, kowa ya ɗaga katinsa lokaci guda. Cikin minti ɗaya ya ga ajin gaba ɗaya, har da na bencin baya da ba sa ɗaga hannu. Idan kusan kowa ya dace, a wuce. Idan aji ya rabu, kowa ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin shawo kansa, a sake ɗagawa. Wannan ita ce dabarar da Mazur ya koma gare ta.

Abu biyu ke kashe ta. Na farko gaggawa. Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 ta tarar malamai sukan jira kimanin sakan ɗaya ne bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran sakan uku, amsoshi suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru. Na biyu tsoro. Ranar da aka daki yaro ko aka yi masa dariya saboda ya ɗaga B, ya daina nuna abin da ke ransa ke nan, zai riƙa leƙen katin wanda ke zuwa na ɗaya a aji. Don haka irin wannan gwaji ba a saka shi cikin maki, kuma bulala ba ta da wuri a ciki.

Shi malamin fa?

A 2013 Philip Sadler da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani bincike a kan ɗalibai 9,556 da malamai 181 na kimiyya a makarantun Amurka masu daidai da ƙaramar sakandarenmu. Sun ba malaman tambayoyin da aka ba yaran, suka ce su zaɓi amsa daidai, sannan su faɗi amsar kuskuren da yara za su fi zaɓa. A tambayoyin da ke da sanannen kuskure, sanin amsa kaɗai bai wadatar ba. Ɗaliban da suka fi ci gaba su ne na malaman da suka san amsa kuma suka san ramin da yara ke faɗawa.

Mutanen Kaduna ba su manta da 2017 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta muhawara a kan adalcin abin, amma kowa ya yarda malami dole ya san abin da yake koyarwa. Wancan sani na biyu, sanin yadda yaro ke tunani, shi ne har yanzu ba mu ba shi matsayinsa ba. A ganina nan ne Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya za ta yi aikin da babu mai yi mana daga waje. Duk shekara ɗalibanta suna fita koyon koyarwa a makarantun yankin. Da kowanne zai dawo da amsoshin kuskure goma da ya ji daga bakin yara, a rubuce yadda suka faɗe su, da cikin 'yan shekaru an tara taskar tambayoyi da aka gina da tunanin yaran Jama'a da Kaura da Zangon Kataf.

Uba ko uwa ma suna da rabonsu, ko ba su yi boko mai nisa ba. Maimakon "nawa ka ci?", a gwada "nuna mini". Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? A bar yaro ya yi bayani har ƙarshe, kada a katse shi, a kuma ce masa ya kai tambayar wurin malaminsa gobe.

Gano kuskure dai rabin aiki ne. Yaron da ya yi shekaru yana ganin bargo na kawo zafi ba zai saki ra'ayinsa don an ce masa ba haka ba ne. Sai ya ga abin da zai sa tsohon tunanin ya kasa tsayuwa. Babi na gaba zai ɗauki wannan: yadda malamin da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje zai haɗa kayan aikinsa daga kasuwar Kafanchan, da gora da batir da sirinji da igiyar roba, da kuma yadda ake jera gwaje-gwajen don su sauya tunani.